Ranar da jarida ta rufe min ƙofa a waya

Watana uku da zuwa Ingila na sha wata kunya da har yau ban manta ba. Muna hutun rana a wajen aiki, na buɗe wani labari a wayata kan sauya dokar biza, abin da ya shafe ni kai tsaye. Layi huɗu na karanta, sai rubutun ya dushe, aka ce in ina son sauran in biya. Akwai wata dattijuwa da muke aiki tare, na san tana biyan wannan jaridar, sai na roƙe ta ta ɗauki hoton shafin ta turo min. Ni a wurina ai ba wani abu ba ne, haka muka saba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To shi wanda ya rubuta, me zai ci?" Babu faɗa a muryarta, kuma ta turo ɗin. Amma wallahi da ƙyar na iya karanta shi.

A daren nan na yi rajista, fam 1 a wata. Ashe tarko ne. Bayan wata uku suka fara zarar kuɗi mai kauri daga asusuna ba ko sallama. Shiga, dannawa biyu. Fita kuwa sai da na buga waya, na yi zaman jira, sannan wani saurayi ya yi ta lallashina kamar mai biko, yana rage farashi ina cewa a'a.

Kada ku ɗauka duk Turawa irin dattijuwar nan ne. A binciken Cibiyar Reuters ta Jami'ar Oxford na 2024, kashi 8 cikin 100 kacal ne ke biyan kuɗin labaran intanet a Birtaniya, Amurka 22, Norway 40. Manyan jaridu dai sun tsira. New York Times ta Amurka ta kafa tsarin biyan kuɗi a shafinta na intanet a 2011, a ƙarshen 2023 masu biyanta sun haura miliyan 10. Mediapart ta Faransa tun 2008 ba ta ɗaukar talla, da kuɗin masu karatu take rayuwa. Guardian ba ta rufe ƙofa, sai dai roƙon gudummawa a ƙarshen kowane labari. Ƙananan ne ke shan wuya, don mutum jarida ɗaya yake iya biya, kuma babbar zai zaɓa. Talla kuwa Google da Facebook sun kwashe, kafar labarai ta intanet BuzzFeed News da ta dogara da tallar ta rufe a 2023.

Ina kewar yadda labari ke yawo a gida hannu da hannu, ba mai tambayarka lambar kati. Sai dai mu ma son banzanmu ya yi yawa. Mu kwafe aikin ɗan jarida mu watsa a WhatsApp, ko sunansa ba ma bari, gobe kuma mu zage shi don ya karɓi ambulan a hannun ɗan siyasa. To baki ya ci, ido ba zai ji kunya ba?

Yanzu wata ƙaramar jarida nake biya, duk wata. Jiya ƙanena ya aiko saƙo: "Yaya, ɗan ɗauko min hoton labarin nan." Na yi shiru ina kallon wayar, sannan na ɗauka na tura masa.