Wane Ƙamus Mai Nazarin Harshe Zai Fara Saya?

Duk ɗalibin da ya shiga nazarin koyo da koyar da harshe, ko a matakin digiri na farko ko na biyu, ba ya daɗewa yake gane cewa kuɗin da ke aljihunsa ba za su sayi dukan ƙamusoshin Hausa da malamai ke ambata ba. Dole a zaɓa. Abin da na lura kuwa shi ne, mutane da yawa suna zaɓa ne da kaurin littafi ko da sunan da ya fi yawo a baki, alhali tambayar binciken mutum ita ce ya kamata ta nuna masa wanda zai ɗauka.

Kafin komai, buɗe kowane ƙamus ka nemi kalmar kuka. Idan bai nuna maka da alama bambancin karin sauti tsakanin kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta ba, to ba zai yi maka aikin tsarin sauti ba. Sai ka duba gari, ka ga ko ya raba garin da ake zama da garin tuwo ta tsawon wasali. Mu da muka sha harshen a nono ba ma jin wannan matsalar, jimla ce ke warware mana. Amma wanda yake binciken yadda Bayarabe ko Ba'amurke ke koyon Hausa, a nan ne da yawa daga kurakuran ɗalibansa suke.

A wannan ma'aunin, ƙamusun da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar a 2020 a maɗaba'ar Jami'ar Bayero shi ne zan ce a fara saya. Yana da ɓangare biyu, Hausa zuwa Ingilishi da Ingilishi zuwa Hausa, yana sa alamar karin sauti da tsawon wasali, yana kuma bambanta ra-gare da ra-kaɗe, wato furucin r iri biyu, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ya haɗe su a harafi guda. A da sai mutum ya nemi littafi biyu, na Roxana na 1990 da na Paul na 2007, dukansu bugun Jami'ar Yale ta Amurka, ga tsada ga wuyar samu. Tunda wannan a Kano aka buga shi, an rage wa ɗalibi wahala. Iyakarsa dai Daidaitacciyar Hausa ce ya sa gaba, don haka mai bin diddigin Sakkwatanci ko Katsinanci ba zai ƙoshi a nan ba.

Mai irin wannan ƙishirwa Bargery zai nufa. G. P. Bargery ya fitar da nasa a 1934, da kalmomin Hausa wajen 39,000, kuma har yau ba a yi wanda ya kai shi tattaro kalmomin karin harshe ba. Yakan nuna maka cewa wannan kalma ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato ce. Sunayen tsirrai, kayan saƙa da rini da ƙira, cututtukan dabbobi, abubuwan da yanzu sai ka je ƙauye wajen tsofaffi kafin ka ji su, duk suna ciki. Na taɓa kwana biyu ina tambayar ma'anar wata kalma da wani manomi ya faɗa a hirar da na naɗa, abokan karatuna kowa ya ce bai taɓa ji ba, sai ga ta zaune a Bargery har da garin da ake faɗarta. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 da ƙarin da Neil Skinner ya yi. Sai dai ka tuna shekarunsa. Ya riga ƙa'idar rubutun da muke bi yanzu, hanyarsa ta nuna sauti sai an zauna an koye ta, kuma ba za ka sami kalmomin waya da kwamfuta da siyasar zamani a ciki ba. Tunda akwai shi a intanet inda ake bincikawa kyauta, ni ban ga dalilin da ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai fara zuba kuɗinsa a kan bugun takarda ba.

Na R. C. Abraham, wanda ya fara fitowa a 1949 aka sake bugawa a 1962, ƙarfinsa a misalai yake. Jimloli ne birjik da karin magana da kirari, ta yadda kake ganin kalma tana aiki a cikin zance. Mai nazarin ginin jimla ko yadda aikatau ke sauya siga zai more shi ƙwarai. Shafinsa cunkushe yake, ido na gajiya, kuma samun sabo da wuya. In ka ci karo da tsoho mai cikakkun shafuka, kada ka bari.

Akwai kuma wanda nake ganin malamin makaranta bai kamata ya rasa ba, wato Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Wannan Hausa ce ke fassara Hausa. Amfaninsa ya fi fitowa ga mai rubuta kundinsa da Hausa, da mai binciken koyar da yara karatu da harshen uwa a firamare, domin yana ba ka bayanin ma'ana da za ka iya kai wa aji ba tare da ka ratsa ta wani harshe ba. Abin takaici ne a ga ɗalibin sashen Hausa yana kafa hujja da ma'anar Ingilishi kan kalmar da kakarsa ke faɗa kullum. Idan da Hausa za ka yi rubutun, haɗa da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazari da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, don kada ka ƙirƙiro wa abin da masana suka riga suka raɗa wa suna wani sunan dabam.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki tsakanin Hausa da Faransanci suna da ƙaramin ƙamusun Abdou Mijinguini na 1987. Su kula da cewa rubutun ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne ta kowace fuska, alal misali inda Nijeriya ke rubuta 'y, Nijar ƴ take rubutawa.

Ƙananan ƙamusoshin aljihu da manhajojin fassara na waya suna da ranarsu ga matafiyi, amma ban yarda a jingina bincike a kansu ba, domin galibi ba sa nuna sauti, ba sa kuma faɗin inda suka samo ma'ana.

Ranar saye, kada ka yi gaggawa a shago. Kasuwa cike take da bugun sata da hoton littafi da aka ɗinke, kuma a irin waɗannan lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da ƙananan alamomin da ke kan wasula su ne farkon dushewa, alhali dominsu ka zo. Buɗe tsakiya, buɗe ƙarshe, bi lambobin shafi ka tabbata ba a tsallake ba, ka ja ɗinkin a hankali ka ji ƙarfinsa. In kuɗinka na littafi ɗaya ne, ɗauki na 2020, ka riƙa leƙa Bargery a waya, Abraham kuma ka same shi a ɗakin karatu na jami'arku.