Fanel mai kyau, aisin jabu

Mako shida na yi ina jiran wannan kaya, kullum sai na duba waya in ga inda ya iso. Fanel ne, wato allon kayan lantarki, na haɗa-da-kanka mai ɗauke da aisi (IC, ɗan guntun lantarki) mai fitar da magana, SP0256-AL2 na kamfanin General Instrument, dangin wanda ya sa na'urorin wasan bidiyo Intellivision da Odyssey 2 suka buɗe baki a 1982. Burina in ji irin wannan murya ta mutum-mutumi a gefen tsohuwar na'urar wasa Atari 2600 da kawuna ya bar mini.

Daren da ya iso ban runtsa ba. Na yi sodar soket mai ƙafa 28, na dasa LM386 mai ƙara ƙarfin sauti, na jona Arduino, ƙaramin allon da zai ba shi umarni, don gwaji, na kafa kunne a lasifika. Tsit kake ji. Na sake narka dalma a kowace ƙafa, na bi layi da mita, wuta bolt 5 na shiga daidai. Kwana uku ina zargin hannuna, har maiɗakina ta ce ko dai abin kurma ne aka sayar mini. Ashe ta fi ni gani. Na dangwali ruwan goge jan farcenta da auduga na shafa bayan aisin, sai ga audugar ta yi baƙi ƙirin, rubutun ya bi ta. Wani aisi ne can daban aka shafe aka buga wa suna. Da na tura wa mai kayan hoto, cewa ya yi wai zafin soda ne ya ƙona shi. A soket fa na zaunar da shi, ƙarfen soda ko kusa da shi bai je ba! Daga nan bai ƙara amsa ni ba.

Gaskiya dai fanel ɗin kansa ba laifi. Da wani abokin sha'awa ya aiko mini da aisi na ainihi, wanda ya cire daga tsohon kaya, dannawa ɗaya aisin ya ce "hello" da murya kamar mai mura a cikin rijiya. Na yi ta dariya ni kaɗai. Gutsattsarin sauti 59 gare shi da dakatawa 5, kai ne za ka jera su su zama kalma, kuma duk na Turanci ne. "Sannu" ta fito, amma "ƙasa" sai dai "kasa", ɗ da ɓ kuwa kada ma ka wahalar da kanka.

Har na huce na ba su tauraro huɗu, sai kunnena ya ce muryar ta cika siriri da sauri. Na ɗauko tabarau na karanta kiristal, ɗan abin da ke saita saurin aisin: 3.58 MHz, alhali 3.12 aka rubuta a talla. Wato nan ma an yi mini sakiyar da ba ruwa. Na koma na mayar da shi tauraro biyu, su ma albarkacin fanel ɗin. Kiristal ɗin gaskiya kuma na yi oda daga wani wuri, an ce sai wata mai zuwa.