Haƙori ne, allura ce, ko ciwo ne ya shiga?

'Yar'uwarmu ta Argungu, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Kin ce watansa 7, ya kwana 2 jikinsa zafi rau, ga gudawa, kuma mako guda ke nan da yi masa allurar rigakafi. Surukarki ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce allurar ce. Ni a ganina babu ko ɗaya daga ciki.

Haƙori shi ne mai ƙaramin ƙarfi a cikin ukun. Yakan fara tsirowa wajen wata 6, biyun ƙasa na gaba su ne kan gaba, har su cika 20 kafin yaro ya kai shekara 3. Abin da yake kawowa dalalar miyau ne, da kumburin dasashi, da rigima, da son gatsar duk abin da hannu ya kai. Jiki na iya yin ɗan ɗumi, amma ma'auni ba ya wuce 38. Haƙori ba ya sa gudawa, ba ya sa amai, ba ya sa jijjiga. Iyayenmu ba ƙarya suka yi ba da suka ce sun ga gudawa a lokacin haƙori, sun gani. Sai dai a daidai watannin nan ne kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa take raguwa, ya fara jan ciki yana kai ƙasa baki, an kuma fara ba shi kunu da ruwa. Lokaci ne ya haɗa su.

Zazzaɓin allura kuwa agogo gare shi. Na Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, wadda ake yi a sati 6, 10 da 14, yakan zo a daren ko washegari, wurin allurar ya ɗan kumbura, cikin kwana 2 ya wuce, yaro kuma yana shan nono. Haka ta zazzaɓin cizon sauro, wadda aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ta ƙyanda, ta wata 9, takan yi jinkiri, zafinta kan fito bayan kwana 7 zuwa 12. Ɗanki bai kai nan ba. Zafin da ya taso kwana 5 bayan allura a wata 7, a nemi dalilinsa a wani wuri.

Ciwo shi ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya sauƙi da kansa cikin kwana ɗaya. Amai da gudawa kamar ruwa a yaro ƙarami, sau da yawa ƙwayar rota ce, wadda Najeriya ta sa ɗigonta cikin rigakafin yara a 2022. Mura da tari da jan ido, sannan ƙuraje su faso daga bayan kunne da fuska, wannan baƙon dauro ne. Sai babban abin tsoronmu: binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, babu jihar da ta kai mu. Mai zaune a gefen fadamar shinkafa ba ta da damar yin canke, ko da yaron ya karɓi allurar, domin rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

Roƙona, kada ki sayi ruwan maganin haƙori a kemis. A 2008 wani mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan. Kada kuma a shafa zuma a dasashi kafin shekara 1. Yatsa mai tsabta ya isa.

Yau ki kai shi asibiti a yi gwajin jini, ki tafi da katinsa. Ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ki karɓo zinki na kwana 10. In maɗigarsa ta faɗa, ko ya ƙi nono, ko ya fara jijjiga, ko da tsakar dare ne ku fita. Ki roƙi Inna, surukar taki, ta raka ki, ta ji bayanin malamar asibiti da kunnenta.