Juyen man giya a wani gareji a Kaduna: abin da na gani

Motata Honda Accord ce ƙirar 2008 mai giya otomatik, kuma ta shafe watanni tana fizga idan za ta shiga giya ta biyu, musamman da sassafe kafin inji ya ɗumama. Wannan ne ya kai ni wani gareji da aka ce giya kaɗai suke gyarawa.

Tun kafin bakaniken ya ɗauki sufana, sai da ya zaro sandar awon mai ya goga a farar takarda ya nuna mini. Man da ya kamata ya kasance ja ya koma ruwan ƙasa, har da ɗan ƙauri. Da ya kwance notin juye, maganaɗisun da ke jikinsa ya tara wani baƙin gari mai laushi kamar kwalli, wanda ya ce ba abin damuwa ba ne muddin babu ɓarɓashin ƙarfe a ciki.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ya ƙi karɓar jarkar man giya nau'in Dexron III da na taho da ita. Ya bayyana mini cewa wannan giyar tana da nata man, wato ATF-Z1 a da, DW-1 a yanzu, kuma mai shago da ya ce mini duk jan mai ɗaya ne ciniki kawai yake nema. Haka kuma bai ɓoye mini cewa juye ɗaya ba ya fitar da fiye da kimanin lita 3 ba, domin sauran yana maƙale a cikin giyar, shi ya sa ya ce in yi 'yan kwanaki ina tuƙi sannan in dawo a maimaita. Ya auna man bayan inji ya yi zafi an kashe shi, kamar yadda Honda ta tsara.

Inda suka gaza shi ne tsari. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ya cinye mini wuni, saboda ba su ajiye man ba sai da aka aiki yaro kasuwa, ba a kuma faɗa mini kuɗin aiki ba sai da aka rufe bonet. Rasit ma sai da na roƙa.

Fizgar ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba, kuma ranar Asabar zan koma juye na biyu da man a hannuna.