Tag ko sabon aji: wanne zai kai bayanin kaya idan an taɓa hoto?

Wani ɗan'uwa daga Garwa ya tambaya a zaure: yana gina manhajar iPhone ta shagon atamfa, yana so idan an taɓa hoto manhajar ta san wace atamfa ce da farashinta a sefa. Ya gwada cusa bayanin cikin #selector, inda ake faɗin aikin da za a kira idan an taɓa hoto, Xcode, manhajar da ake gina manhajojin iPhone da ita, ya ƙi.

Dole ya ƙi, ɗan'uwa. #selector sunan aiki kaɗai yake ɗauka, kuma abin da ke isa wurin aikin shi ne mai gane taɓawar (UITapGestureRecognizer) kansa, wato sender. Ta jikinsa bayanin zai bi, hanya biyu kuma aka fi bi.

Ta farko ita ce tag. Ka ba kowane hoto lamba da hoto.tag = i (i matsayin kayan ne a jeri), a cikin aikin ka karanta sender.view?.tag, ka nemo kayan a jeri. Layi biyu an gama. Sai dai tag lamba ce zalla, ba ta ɗaukar suna ko farashi, kuma asalinta 0 ce, don haka hoton da aka manta ba a ba shi lamba ba atamfar farko zai buɗe. Mafi muni, ranar da aka goge kaya ɗaya ko aka sake tsara jerin, lambobin sun zama tsoho: mai saye ya taɓa wannan, a nuna masa farashin waccan.

Ta biyu, ka ƙirƙiri aji (class) mai suna TabaKaya, mai gadon UITapGestureRecognizer, ka sa masa var kaya: Kaya?, ka cika shi kafin addGestureRecognizer. Aikinka zai zama @objc func anTaba(_ sender: TabaKaya), sender.kaya yana hannunka cikakke. Ga harkar kuɗi irin taka, wannan muka fi amincewa da ita.

Ko wacce ka bi, kunna isUserInteractionEnabled, domin a UIImageView (mai nuna hoto) da UILabel (mai nuna rubutu) a kashe yake zuwa. Kowane hoto kuma da nasa mai gane taɓawa. Ka raba guda ɗaya ga hotuna goma, na ƙarshe kaɗai zai amsa.

In kuwa hotunan a cikin UICollectionView suke, wato mai jera abubuwa a gidaje (cells), ka bar duka biyun. Ana sake amfani da gidajen, masu gane taɓawa sai su taru a gida ɗaya. Yi aiki da didSelectItemAt, ka ɗauko kayan da indexPath.item.