Gwajin ciwon hanta: na gaggawa ko na inji?

Masu shirin aure da masu ba da jini a Gombe suna yawan tambayata wanne za su yi.

Na gaggawa ya fi araha: ɗigon jini daga yatsa, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Inda nake jin tsoronsa shi ne ajiya. Akasarin tsinkayen gwajin da ake ɗiga wa jinin ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ga kuma zafin Afrilu a shago mai rufin kwano. Layin da ke nuna sakamako a jikin tsinken kan fito dishi-dishi, kuma ido ne alƙali.

Na inji, irin ELISA, jinin jijiya ake ɗiba. Ya fi tsada, ga jira, ga buƙatar lantarki, amma ya fi kama cutar da ba ta yi yawa a jini ba.

A ciwon hanta nau'in C kuwa, duka gwaje-gwajen biyu sojojin da jiki ya samar don yaƙar cutar suke gani, ba ƙwayar cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na masu kamuwa jikinsu kan kore ta da kansa, don haka sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta a jini, ya tabbatar.

Mai nisa da asibiti, ya fara da na gaggawa. Bankin jini da wanda sakamakonsa ya rikice, inji ya fi dacewa da su.