Gawayi ko gas? Amsa ga Hajiyar da ke shirin ajiye silinda

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki. Kin ce tsadar gas ta ishe ki, kina tunanin ajiye silinda ki koma kurfoti, kuma an faɗa miki gawayi ya fi dacewa da muhalli tunda daga itace yake, shi kuwa gas ɗan'uwan fetur ne. Kina son sanin wanne ya fi. Ni dai shawarata kada ki ajiye silindar nan. In kuma dole ta sa ki nemi abin da zai taimaka mata, ba gawayi zan fara nuna miki ba.

Mai cewa gas ɗan'uwan fetur ne bai yi ƙarya ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ake samo shi, kuma in ya ƙone yana fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya. Sai dai ya bar rabin zancen a daji. Gawayin da ake kawo mana a buhu ba daga busassun ƙirare ake yin sa ba. Itace ake sarewa a tsaye, a daddatsa, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali. Kafin a buɗe, mafi yawan ƙarfin itacen ya riga ya tashi a hayaƙi. Ta wannan hanya ta gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1. Ke a madafarki ba ki ga hayaƙi ba, amma an riga an yi shi a can.

Kuma ba kowane itace masu gawayi ke so ba. Mai nauyi suke nema, wanda garwashinsa ke daɗewa: ƙirya, marke, kaɗanya, har tsamiya da ɗorawa in an rasa. Waɗannan su ne masu jinkirin girma, kuma su ne masu ba mu man kaɗanya da daddawa da inuwa da maganin gargajiya. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. A wuni ɗaya ake kayar da ita, kuɗin buhunan da ta bayar kuma ya ƙare kafin wata ya mutu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka, domin matar ƙauye da ke tsintar 'ya'yanta kowace damina ita ce ta yi asara, ba a kuma tambaye ta ba.

Ga lissafin da zai amfane ki. Kan gas yana isar da kusan rabin zafinsa ga tukunya, kurfoti na kasuwa kuwa da ƙyar yake isar da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya bi iska. Ga shi kuma kilo ɗaya na gas ya fi kilo ɗaya na gawayi ƙarfin zafi. Shi ya sa gas kilo 1 ke yin aikin gawayi wajen kilo 4. Ke nan silinda mai kilo 12.5 tana tsaye a madadin gawayi wajen kilo 50, wato itace kilo 250 zuwa 500. Da wannan girkin a kan murhun duwatsu uku aka yi shi da itace kai tsaye, abin da zai ci wajen kilo 200 ne ko ƙasa da haka. Ki duba da kyau: ta fuskar daji, gawayi ya fi itacen kansa ɓarna. Mutane da yawa ba su yarda da wannan in an fara faɗa musu, saboda sun saba ganin gawayi a matsayin ci gaba a kan itace.

Da wannan ma'aunin za ki gane batun kuɗi da kanki, tunda farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari. Ki tambayi kuɗin gas kilo 1 a unguwarku, ki sa a auna miki ƙullin gawayin da kike saye a sikeli, ki ga nawa kilo 4 zai kama. Mai sayen buhu daga bakin masu kawowa zai iya samun gawayi ya fi araha. Mai sayen ƙulli-ƙulli kullum sau da yawa ba ta rage komai ba, kawai dai kuɗin ba ya fita gaba ɗaya ne, sai ya zama ba a jin zafinsa. Ki haɗa da kananzir na hura wuta, da garin gawayin da ke ƙasan buhu wanda ba ya kamawa, da garwashin da ke ci gaba da ci bayan an sauke tukunya. Gas kina murɗawa ya mutu. Inda gas ke da nauyi na gaske shi ne farko, wato sayen silinda da kai da tiyo, ke kuwa kin riga kin wuce nan. Yanzu ma ba dole ne ki cika ta ba, ana ɗura kilo 2 ko 3 gwargwadon hali.

Ta fuskar lafiya babu ja-in-ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara suka fi shaƙarta. Itace ya fi gawayi baƙin hayaƙi da sa hawaye. Amma gawayi yana da nasa makamin a ɓoye, wato iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke sa ciwon kai da jiri, ita ce kuma ke kashe mutane a barci lokacin hunturu in aka shiga ɗaki da kasko aka rufe ƙofa da taga. Don Allah, 'yan'uwa masu hura gawayi da leda ko tsinken roba, ku daina. Wannan hayaƙin guba ne, ga yaro goye a baya.

Na san tsoron gas shi ne gobara, kuma tsoro ne mai dalili. Sai dai shi haɗarinsa yana sanarwa, domin da gangan ake sa masa warin nan. Silinda ta zauna a tsaye inda iska ke shiga, ba a ɗakin kwana ba. A shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗa lokaci-lokaci, in ya yi kumfa akwai yoyo. In an ji wari a rufe kan silindar, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Silindar da ta yi tsatsa ko ta lotsa a rabu da ita.

Akwai inda gas ba ya iya gasa. Wake, ganda, ƙafar sa, dahuwar biki a babbar tukunya, duk waɗannan shanye gas suke yi. A nan ne nake cewa ki nemi murhu mai tsimin itace maimakon kurfoti. Akwai irin wanda ake kira Save80, na ƙarfe, da ake haɗawa a Kano. 'Yan ƙirare kamar tsawon yatsa yake ci, kuma an yi shi ne don ya rage itace da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka gwada da murhun duwatsu. Akwai kuma na yumɓu da ake ginawa a gida, mai rufe wuta ta gefe. Irin wannan murhu rassan da aka sassabe da karan dawa sun ishe shi, ba sai an kayar da bishiya ba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hakan mai yiwuwa ne. Tun daga shekarun 1980 suke barin tohon kututture a gona suna rage masa rassa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta an farfaɗo da bishiyoyi wajen miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Gawo ya dawo gonaki, itacen girki kuma yana fitowa daga sassabe.

Ban ga laifin mai gawayi shi kaɗai ba. Talauci ne ke tura shi daji, kuɗinmu na birni kuma shi ke kiransa. Chadi ta hana gawayi a Njamena a ƙarshen 2008 ba tare da gas ya wadata ba, mutane suka shiga wahalar abin girki sosai. A Najeriya ma jihohi da dama sun sa dokar hana sare itace don gawayi, amma buhuna ba su daina shigowa a bayan motoci ba. Muna dasa itatuwa a jihohi 11 na Arewa ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, a gefe guda kuma muna ƙone manyan da Allah Ya riga Ya raya mana. Ga gas ɗin a ƙasarmu ake haƙo shi. Sauƙaƙa farashinsa aikin hukuma ne, kuma ya kamata mu riƙa faɗa musu da babbar murya.

Kafin nan, Hajiya, ki bar gas ga shayin safe da ɗumame da miya da abincin 'yan makaranta. Ki jiƙa wake tun dare, ki haɗa kayan miya kafin ki kunna wuta, ki rufe tukunya, in ta tafasa ki rage. Shinkafa ko wake in sun ɗauko nuna, ki sauke ki naɗe tukunyar da tsohon bargo a cikin kwando, za su ƙarasa da zafin jikinsu. Ranar da ya zama sai gawayi, kamar gashin nama ko tandar waina, ki hura shi a tsakar gida, in kin gama ki juye garwashin a tukunyar ƙarfe ki rufe da murfi ya mutu, gobe ya sake yi miki aiki.